Kafin In Taɓa Ka

A Kollam, tun jirgin ƙasa na fari bai yi kuka ba
muke tsugune a rumfar kwano,
mata ɗari da ɗoriya,
kowace da 'yar guduma da tulin gasasshiyar yazawa.
Toka muke shafawa a tafi
wai don man ɓawon ya rage cin fata.
Dubi yatsuna,
kamar itacen da wuta ta lasa ta bari.

Shekara goma sha tara ina fasa ta.
Ita ta yi mana rufi,
ita ta sayi itacen ƙona gawar kakanka.

Sai ran bikin Onam, kana ɗan shekara uku,
Ponnamma ta miƙo maka cokalin payasam,
madara da sukari, da ƙwaya biyu soyayyu a man shanu.
Biyu tak, Nidhin.
Leɓenka ya tashi suntum,
borin jini ya bi wuyanka ruɗu-ruɗu,
numfashinka ya koma siririn fito
irin na butar shayi.
Mai babur mai ƙafa uku ya keta danja biyu
kuma bai karɓi ko kwabo ba.

Likita ta ce, abin da ke ciyar da ku, shi zai iya kashe shi.
A hankali ta faɗa.
Ba ni take kallo ba, hannuna take kallo.

Tun daga ranar ba na shiga gida kai tsaye.
A bakin rijiya nake tsayawa,
in tuɓe zanen aiki in cusa a leda,
in dirje da sabulu da soson kwakwa,
har ƙarƙashin farce, har gwiwar hannu.
Kai kuwa kana bakin ƙofa kana ƙirga mini.
'Ya'yan mutane da gudu suke tarar uwa.
Kai ka koyi tsayawa.

A bayan ledar biskit ka koyi karatu,
ƙananan baƙaƙen da ba mai dubawa.
Gidan biki da ɗan kwanonka kake zuwa.
Ana cewa, ɗanɗana mana, ɗan kaɗan ai ba komai,
sai ka yi murmushin manya,
hannunka na kan jakar da allurar take.

Jiya da dare an ɗauke wuta,
ruwa na dukan ganyen ayaba,
ka ce, wai yaya ɗanɗanonta yake?
Na ce, ba wani daɗi, kamar danyen rogo.
Ka yi dariya.
Ashe ka san muryata in tana ƙarya.

Can ka laluba ka kamo hannuna.
Kin wanke?
Sau bakwai, na ce.
Ka ɗora shi a kumatunka, da kaushinsa da komai,
har barci ya ɗauke ka.
Ban janye ba, ko da ya sage.