Kwanson Tagulla

A Madarumfa, bayan isha'i,
Nomau ya zube kwansunan harsashi bisa tabarma,
yana juya kowane a hasken fitila
kamar mai zaɓen irin gyaɗa.

Wannan ya tsage a baki, gefe.
Wannan ya fita sau uku, ya dawo.

Albarushi ba ya son gaggawa, in ji shi,
ba ya son mai fushi.
Hannunsa na rawa in ya ɗauki shayi,
kan ma'auni kuwa sai ya natsu.

Jikarsa Tsahara ta tsinci tsagaggen,
ta hura, ya yi fito.
Gyadon da ke tonon rogonsa a bakin tabki
bai ji ba. Nomau ya ji.
Ya rufe gwangwanin albarushi,
ya ce ta ƙara.