Gida Uku a Tsaye

Ran Asabar nakan hau bas daga Kawo
in sauka Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru.
Baba Tanimu na zaure, tabarau a kan karan hanci,
ya ja layuka a bayan takardar kuɗin wuta,
na tsaye, na kwance,
da hannun da ya shekara ashirin da shida yana zana adon atamfa
kafin a sa wa ƙofar kamfani kwaɗo.
Wasu gidajen ya toshe da baƙin biro.
Sauran ya bar mini.

"Na ɗaya, a kwance, gida huɗu:
Gari ya rikice, tela ya samu aiki."

Na tuna shekarar da muka kwana uku a bariki
da tabarma ɗaya, na ce: "Gudu."
Ya yi dariya har da tari.
"Asabe, kina sauraro da kunnen tsoro.
Ban ce Kaduna ba. Garin kan takarda nake nufi.
Ga, ri. Na ce ya rikice, to rikita shi."
Ri, ga.
Riga ta fito daga cikin gari, ko zare bai tsinke ba.

"Kowace tambaya," in ji shi, "'yar kasuwa ce:
baki na rantsuwa, mudu na faɗin gaskiya.
Ki bar bakin, ki dubi mudun."

Daga nan hannuna ya faɗa.
Ɗaki ya birkice, kalangu ya tashi: kiɗa.
Tukunya ta rasa kai, sai sunkuyar da kai:
na sare mata tu, kunya ta rage a ƙasa.
Wata kuma ta tsayar da ni har shayi ya huce:
"Kin haye ta da safe, maharbi na bin ta a dawa."
Na lissafa abin da na haye tun daga Kawo,
kwalbati, layin dogo, kwata,
sai kogin ya faɗo mini, jajawur da ruwan Agusta.
Gada.
"A baki su biyu ne," ya ce, "murya ke raba su.
A takarda kuwa ɗaki ɗaya suke kwana."

Saura guda. Gida uku, a tsaye,
ta rataya a jikin kunya.
Wannan bai karanta da ƙarfi ba, turo mini ya yi:
Tana ƙarshen rayuwa, tana ƙarshen mutuwa,
amma da ita aka fara.

Na ce ƙasa. Gida huɗu ne, ta ƙi shiga.
Na ce rai. Bai haɗu da kunya ba ko ta ina.
Hadari ya taso ta wajen Nasarawa,
kwano ya fara amsawa ɗaya-ɗaya.
Baba bai ce in bar baki in dubi mudu ba.
Yana kallon lungun da keken ɗinkin Inna yake,
lulluɓe da zanen da shi ya zana furanninsa,
damina huɗu ke nan ba wanda ya taka shi.

Na rubuta rayuwa a gefe, na rubuta mutuwa a ƙasanta,
na ɗora babban yatsa na rufe musu gaba.
Abin da ya rage iri ɗaya ne.
Na gwada rabuwa. Na gwada damuwa.
Tana nan, a ƙarshen kowace.

U. W. A.
Biron ya huda takardar a harafi na uku.

"Kin samu?"
"Na samu."
"To, wannan ba ta son bayani."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.
Sannan ya juya takardar.
"Dubu tara da ɗari biyu, ga shi ba su kawo wutar ba.
In za ki wuce, ki biya mini."