Ɗan Haya a Gidan Harshe

A Runjin Sambo, dare ya raba,
fanka ta tsaya, zafi ya zauna,
ina gina wa Kawu Macciɗo ƙaramin harshe
a cikin harshen da ba ni na gina ba.

Ya ce, "In na'urag ga na da kunne,
ta ji ni awa yaran shago:
buhu talatin, albasar Wurno, bashi sai Jumma'a."

Na rubuta haka. Allo ya yi ja.
Wai sai da ɗigo tsakanin buhu da talatin,
wai baka biyu sai an rufe kamar ƙyauren kanti.
Kalmar "in" kuwa, mai gida ya riga ni,
ya ce tasa ce.

Ɗan haya ba ya fasa bango.
Yakan matsar da gado,
ya buga ƙusa inda aka yarda,
ya rataya labule kan tsagar da ya tsana.

Da hantsi na kai masa Kasuwar Kara.
Ya karkace hula, ya bi layin da yatsa,
yana ture ɗigon kamar tsakuwa cikin shinkafa.
"Wanga na gane shi," ya ce.
"Amma talatin da biyu na. Gyara."