Lamba ta Biyu

Gyaran waya nake yi a Farm Centre,
shekara tara ina farke cikinta da ɗan sukundireba.
Na san ta, na san ranar da take juya wa mutum baya.

Wata Laraba, bayan la'asar,
wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfata,
lemon da ya sayo ya gangara har kwata.
Muka laluba aljihu:
naira ɗari bakwai, asuwaki, waya.
Wayar a kulle.
Aka miƙo min, wai ai ga gwani.
Na juya ta, na sake juyawa,
ta yi min shirun da ta yi wa kowa.
Kwana uku ya yi a Asibitin Murtala ba suna,
'ya'yansa na can Sheka suna ba da cigiya a rediyo.

A daren na kwaso kwalayen gilashin waya,
waɗanda kullum nake watsa wa bola,
na ari almakashin Zinatu.
An ɗauke wuta, fitilar caji tana haki.

Suna. Unguwa. Ciwo, in akwai.
Lamba biyu, don ɗaya takan kwana ba caji.
Na naɗe kowanne da salatif saboda damina.

Na Inna na fara: ciwon suga, allura da safe.
Gaba da boko, baya da ajami.
Ta ce, "Muntari, likkafani kake yanka min tun yanzu?"
Na ce, "Inna, mai tawakkali ma yana ɗaure akuyarsa."
Ta harare ni,
ta ƙulle shi a bakin zani, gidan kuɗin cefane.

Na Hafizu, ɗan aji uku, mai sikila,
uwarsa ta ɗinke a cikin jakar makaranta.
Na sa shi ya haddace lambar,
ya yi ta rerawa yana kaɗa kai
har barci ya sace shi a kan takwas ta ƙarshe.

Zinatu ta ƙwace biro ta rubuta nata,
wai rubutuna kamar kaza ta yi tono.

Duka abin bai ci kuɗin kwanon shinkafa ba.

Sai nawa.
Lamba ta farko, Zinatu.
Ta biyu,
biro ya tsaya.

Yaya Sabi'u yana Kurna.
Shekara biyu ko sallama ba ta haɗa mu,
kan filin gado da bai isa ɗaki biyu ba.
Na goge lambarsa daga waya tun ranar,
ashe kai ba ya da maɓallin gogewa.
In na faɗi a Titin Gidan Zoo,
wa zai fito a guje, takalmi wari-wari?
Hannu ya riga ni amsawa.

Zinatu ta leƙo ta ce,
"Ba a rubuta mutum bai sani ba.
In baƙuwar murya ta kira shi fa?"

Na fita zaure.
Sauro, ƙarar janareton maƙwabta.
Ta yi ƙara sau huɗu.

"Muntari?"
Ashe shi bai goge ba.
"Lafiya? Inna ce?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya.
Shi ya sa na kira yau."