Gayya ko Rumbu

Kuɗin da aka ware mana na abu ɗaya ne.
Hajiya Kulu ta ajiye takardar a kan teburina,
ta danne ta da kofin shayi kada fanka ta kwashe,
ta ce, "Malam Ladan, kai ka san na'ura.
Zaɓi guda. Ranar Alhamis nake son sa hannu."

Makarantarmu tana Mabera,
inda rana ke gasa kwanon rufi tun ƙarfe goma.
Kwamfuta goma sha ɗaya, biyu sun mutu tun bara.
Sola na kai mu la'asar in ba a kunna firij ba.

Dillali na farko ya zo da baƙar jaka.
Manhajarsa shafi ɗaya ce mai faɗi,
yara talatin su zuba hannu a ciki,
wannan ya rubuta, wancan ya gyara,
malam yana ganin mai noma da mai laɓewa a inuwa.
Na ce a raina, ai wannan gayya ce.

Na biyu ta waya ya kira.
Tasa ma'ajiyar bidiyo ce:
ka ɗauki darasi sau ɗaya, ka sa masa suna, ka jera,
yaro ya buɗe da dare, ya mayar baya, ya sake.
Malamin cikin waya ba ya gajiya, ba ya tsawa.
Na ce, wannan kuma rumbu.

Kowa ya ba mu mako guda na ɗanɗano.

A makon gayya na san Ige.
Shekara biyu ina koya mata lissafi,
muryarta sai wajen kiran suna.
Ranar Talata ga ɗan koren rubutu
a gefen aikin Sa'adu, sarkin surutun aji:
"Ba haka ba ne. Ka manta alamar ragi."
Aji ya yi tsit.
Sa'adu ya sosa ƙeya: "Wa yar rubuta wanga?"
Ta sunkuyar da kai,
amma yatsunta ba su tsaya ba.

A makon rumbu na san Modi.
Kwana biyu a mako kujerarsa wayam,
yana can wajen lodin albasa da mahaifinsa.
Ya ari wayar wansa bayan isha'i,
ya kalli darasin kusurwa sau huɗu a kan tabarma,
data ta ƙare ana cikin na biyar.
Da safe ya tare ni bakin ƙofa:
"Malam, ashe abin ba wuya. Sauri kakai."

To ga Ige, ga Modi,
ga takarda mai layin sa hannu ɗaya.

Yammacin Laraba na hau babur har gadar Rima,
na kashe shi, na tsaya kallon masu lambu.
Na juya abin kamar waina.
Gayya ba rumbu, hatsi ya kwana a fili.
Rumbu ba gayya, ƙato ne mai wofin ciki.
Sai na tuna kakana a Bodinga
yana cuɗa laka shi kaɗai, yana ɗora rumbunsa
kaɗan-kaɗan har ya kai wuya.
Ban taɓa ganin wanda ya yi gayya shi kaɗai ba.

Na sa hannu a kan gayya.

Sannan na sayi memori da kuɗin aljihuna.
In an tashi, ina jingina wayata da kwalin alli,
in sake darasin ga kujeru marasa kowa.
Ƙarar fanka na shiga, kukan akuyar maƙwabta na shiga.
Modi ya zo ya karɓa, ya mayar washegari.

Jiya ya ce, "Malam, kanka bai hito ba,
hannu kawai da allo."
Na ce, ba kaina za a tambaye ka a jarrabawa ba.
Ya yi dariya, ya zauna kusa da taga,
ya buɗe shafin aji.
Koren rubutu yana can yana jiransa
a ƙarƙashin amsarsa ta uku.