Numfashi a El Alto

Garinmu yana can bisa, dab da rufin sama,
inda iska ke rowa,
baƙo ya hau matakala biyar ya tsaya yana haki.
Nan nake koyon gyaran injinan asibiti,
shekara ta biyu, bencin da ke jikin taga.

Don Fermín, malaminmu, yatsunsa tara.
Bai taɓa faɗin inda na goman ya tafi ba.
Yakan ce, "Eusebia, ajiye sukudireba, fara da kunne.
Inji ba ya ƙarya, ƙorafinsa ne ba a saurare."
Littafin jagora da Jamusanci yake,
ɓera ma ya riga mu karanta shafi uku.

Na san warin dalma in ta narke,
na san batirin da ya mutu da wanda ya suma.
Ran Laraba na ƙone yatsa.
Ran Alhamis na ƙone na'ura sukutum.
Ya shinshina hayaƙin, ya ce,
"Gara nan da ɗakin bakwaini."

A gida akwai Baba.
Shekara ashirin da shida a ramin kuza na Huanuni,
dutsen da ya fasa ya biyo shi, ya tare a huhunsa.
Injin iskarsa na aro ne,
yana gurnani a gindin gado kamar tsohuwar kyanwa,
da shi muke barci.

Daren jajibirin jarrabawa, ƙarfe biyu,
gurnanin ya koma shessheƙa.
Ban farka don ƙara ba, canjin murya ne ya tashe ni.
Mama ta riƙe tocila, hasken na rawa,
tana addu'a da Aymara ƙasa-ƙasa.
Leɓen Baba ya fara shuɗi.
Na kasa kunne. Na buɗe murfi.
Bututu ne, tsaga kamar ta farce,
na yanke, na sake cusawa, na ɗaure da zaren gashina.
'Yar ƙwallon cikin gilashi ta yi jinkiri,
ta motsa,
ta hau, ta tsaya kan biyu.

Baba ya ja, ya ja, sannan ya ce,
"Nawa ne kuɗin aiki?"

Da safe na ci shida cikin goma.
Na manta sunan wani bawul.
Da na sa hannu a aljihu neman kuɗin mota
sai na ji noti guda,
ban san daga ina ya fito ba.
Inji dai yana ta gurnani.
Gobe zan tambayi mai yatsu tara.