Kukan Birkin Baya

A shagon Quim, bayan tashar bas ta Olot,
ya shimfiɗa jarida a teburin aiki,
ya ajiye min abu biyu, ya koma gefe yana ɓare lemo.
"Zaɓi, Meritxell. Ƙarfe bakwai nake rufewa."

Na dama faifai ne, siriri, mai huda-huda,
da sanyi kamar cokalin da ya kwana a waje.
Na hagu roba biyu ja da tiyo cike da mai,
masu damƙar bakin wili kamar kare ya samu ƙashi.

Kekena ba shi da sirdi.
A tsaye ake, bisa tayar baya kaɗai,
ana tsalle daga dutse zuwa dutse.
Ƙafa ta taɓa ƙasa, alƙali ya ɗaga yatsa.
Nauyina da tsorona duka
suna wuyan abin da zai riƙe tayar nan.

Faifai ba ruwansa da ruwa,
ko laka ta rufe taya yana kamawa.
Sai dai a cibiya yake kamu, can tsakiya,
wayoyin wili su ɗan miƙe, su ɗan dawo,
wasan da bai kai faɗin farce ba.
A bakin dutse mai tsayin mutum biyu
farce ɗaya tafiyar yini ce.
In kuma na sauka a karkace ya daki dutse,
ya lanƙwashe, sai turin keke.

Na roba masifaffe ne.
Sai an gurje bakin wilin da inji
har ya yi kaushi kamar harshen kyanwa,
a sake bayan wata biyu, ƙarfe na ƙarewa.
In ya kama ya kama, babu bari in gani.
In sama ta zubo, ya manta sunana.
Ga ihu, ka ce an taka wuyan agwagi goma.
Roser ta hawa na biyu ta kai ƙarata sau uku.

Quim ya tofar da 'ya'yan lemo a tafinsa.
"An ce ruwa ran Lahadi. Da ni ne ke, faifai."

Ban yi masa zancen babana ba.
Shekara uku ke nan da idonsa ya tafi,
suga ya ci na dama, na hagu ya bi sahu.
Yakan zauna a kujerar naɗewa gindin duwatsun,
bargo a gwiwa, kai a karkace,
yana bi na da kunne.
Ƙara gajera, tana daidaitawa.
Shiru, tana sama, babu komai ƙarƙashinta.
Ƙara doguwa, ta sauka, ta riƙe.

Ran da na ari keken Biel mai faifai
na gama zango tsaf, ban sa ƙafa ba.
Na dawo na same shi a tsaye, bargo a ƙasa,
yana tambayar wani baƙo
ko an kira motar asibiti.

Na ture faifan da bayan hannu.
Quim ya ɗaga kafaɗa, ya sa tabarau, ya kunna inji.
Garin ƙarfe mai ruwan toka ya sauka kan jaridar,
ya rufe hasashen yanayi.

Lahadi ruwa ya iso kafin a raba lambobi.
A dutse na huɗu, baƙin nan da wuta ta amayar
tun babu kowa a kwarin,
roba ta zame, taya ta ja da baya.
Na sa ƙafa. Na sake sawa.
Na zo ta shida cikin mu tara.

A mota ina neman makulli a jiƙaƙƙen aljihu,
ya riga ni buɗe baki.
"Biyu," in ji shi. "A na huɗu.
Muryarsa ta dishe tun kafin ki sauka.
Gobe ki ce wa Quim ya ƙara gurzawa,
hannunsa ya fara sanyi."